Neman shawara: Me zan ba shanuna don madararsu ta ƙaru da maiƙo mai amfani?

Baban Walida:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Da fatan ana lafiya, ya dabbobi? Shawararku nake nema.

Ina da shanun tatsa kusan ashirin, haɗin Firiziyan ne (shanun Turai masu yawan madara), kuma a ɗaure suke, ba sa fita kiwo. Abincinsu silej na masara (ɗanyar masara da aka sassare aka rufe ta ta yi tsami), dusa, da haɗaɗɗen abinci na buhu mai masara da waken soya, sai busasshiyar ciyawa kaɗan. Madara alhamdulillah tana zuwa. To, wanda yake sayen mafi yawan madarata, mai yin yogot ne, ya ce yana son fito da sabon samfuri da zai rubuta masa "mai yawan omega-3", wato wani nau'in maiƙo mai amfani ga jiki, kuma zai ƙara mini kuɗi idan madarata ta cika sharaɗin. Na yi maganar da wani mai sayar da abincin dabbobi, ya ce abu ne mai sauƙi, in dinga zuba man waken soya ko man kifi a cikin abincinsu, abin da saniya ta ci shi za ta zubo. Ban fara ba tukuna, hankalina bai kwanta ba. Shin da gaske abinci yana canza irin maiƙon da ke cikin madara? In haka ne, me ya kamata in ƙara, me zan rage? Allah ya saka da alheri.

Malam Garba:
Wa'alaikumus salam. Baban Walida, Allah ya so ka da ba ka fara ba. Na yi aiki a wata gona da aka gwada wannan dabara ta kwarara mai a cikin abinci. Ba a jima ba shanun suka rage ci, kashinsu ya yi ruwa, madara kuma ta tsinke, in ka bar ta ta kwana da ƙyar ka ga maiƙo a samanta. Garin neman gira aka rasa ido. Ka bar masana su yi maka bayani, amma ni abin da na sani shi ne saniya ba jarka ba ce da za ka zuba mai ta sama ya fito ta ƙasa.

Dakta Hauwa:
Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Garba ya faɗi gaskiya, bari in faɗi dalilin, don in ka gane shi za ka iya tace duk shawarar da wani zai kawo maka gobe.

Amsar tambayarka ta farko ita ce e. A cikin abubuwan da ke madara, maiƙo ne ya fi saurin bin abinci. Sukarin madara kusan ba ya motsi, furotin yana motsawa kaɗan, amma maiƙo, yawansa da irinsa, cikin 'yan kwanaki za ka ga ya canza. Sai dai ba kai-tsaye abin yake ba, domin tsakanin bakin saniya da hantsarta akwai tumbi.

Maiƙon madara ya ƙunshi sinadarai iri fiye da 400. Kusan kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari mai daskarewa ne, wajen kashi ɗaya cikin huɗu irin wanda ke cikin man zaitun ne, sauran 'yan kaɗan ɗin da ba su wuce kashi 5 ba su ne ake ta hayaniya a kansu: omega-3, omega-6 da CLA (gajeren sunan wani nau'in maiƙo da ake samu a madara da naman shanu). Hanya biyu maiƙon ke bi ya shigo madara. Wani sashe hantsa ce ke ƙera shi da kanta daga sinadarin asitet, wanda ake samu idan ƙananan halittun tumbi suka narkar da ciyawa. Ɗaya sashen kuma daga jini take ɗauka, wato wanda ya fito daga abinci ko daga kitsen jikin saniyar.

Ga inda gizo ke saƙar. Mai marar daskarewa guba ne ga yawancin bakteriyar tumbi, musamman masu narkar da ciyawa. Don su kare kansu sai su mayar da shi mai daskarewa. Omega-3 na tsirrai da saniya ta ci, kashi 85 ko fiye a tumbi yake ƙarewa, ya koma wani abu dabam. Ɗan abin da ya tsira ne ke isa hanji, sannan madara. Saboda haka ko saniyar da ba ta cin komai sai ɗanyar ciyawa, omega-3 ɗin madararta bai cika wuce kashi 1 cikin ɗari na maiƙon ba, ta ɗaure kuwa wajen rabin haka ko ƙasa.

Amma wannan aikin na bakteriya ba asara ba ne gaba ɗaya. Ba a tashi ɗaya suke gama shi ba, mataki-mataki ne, kuma a tsakiyar hanya ake samun wani sinadari mai suna baksenik. In ya kuɓuce daga tumbi ya isa hantsa, akwai wani enzayim a can, wato sinadarin jiki mai sarrafa wasu sinadarai, da ke mayar da shi rumenik, wanda shi ne mafi yawan CLA ɗin da ke madara. Wato galibin CLA a hantsa ake yin sa, tumbi kayan aikin kawai yake turowa.

Yanzu ka dubi abincin shanunka. Masara da waken soya omega-6 ne ya yi musu yawa. Ganyen ɗanyar ciyawa kuma maiƙonsa kaɗan ne, amma rabi ko fiye na wannan kaɗan ɗin omega-3 ne, kuma saniya tana cin ciyawa da yawa. Man waken soya da aka ce ka zuba akasarinsa omega-6 ne, ɓangaren da ka riga ka ƙoshi da shi zai ƙara. Abin da ya fi muni shi ne haɗuwar abu biyu: hatsi mai yawa da mai tsagwaro. Hatsi yana sa tumbi ya yi tsami, bakteriyar su canza hanya, su fara fitar da wani nau'in CLA dabam wanda gram kaɗan ɗinsa ya isa ya hana hantsa ƙera maiƙo. Dale Bauman na Jami'ar Cornell a Amurka da abokin aikinsa Mikko Griinari ne suka fayyace wannan a farkon shekarun 2000. Shi ne tsinkewar madarar da Malam Garba ya gani. Maiƙo zai iya faɗowa daga kashi 3.7 zuwa ƙasa da 3, wani lokacin ya fi haka lalacewa.

Man kifi kuwa ya fi kowanne saurin jawo wannan matsalar, abin da ke isa madara daga omega-3 ɗinsa bai taka kara ya karya ba, ga kuma haɗarin ƙarni. Ba na ba ka shawararsa.

Baban Walida:
Dakta, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ke nan ciyawa ce maganin? Matsalata ba ni da filin da zan sake su. Akwai dai ɗan wuri da zan iya shuka ciyawa in dinga yanko musu.

Dakta Hauwa:
Yankowa ma tana aiki, muddin za ka ba su a ranar da aka yanka. Daga lokacin da aka yanke ciyawa iska da rana ke fara cin omega-3 ɗin da ke ganyen, shi ya sa busasshiya ta fi kowacce ƙaranci, silej na ciyawa yana tsakiya, ɗanya tana sama. Kuma a ganye maiƙon yake, ba a kara ba. Ciyawar da ta tsufa ta fitar da kai cika ciki kawai take yi. Ka yanka tana ƙarama, tana kore shar.

Kan girman bambancin, akwai binciken da Tilak Dhiman da abokansa suka wallafa a 1999 a Amurka. Shanun da suka dogara da kiwo kaɗai CLA ɗin madararsu ya haura na shanun ɗaure da wajen ninki biyar, kuma waɗanda ciyawar kiwo ta zama sulusin abincinsu ko sulusi biyu sun faɗo a tsakani. Wannan ɓangaren na biyu ne ya shafe ka: ba sai ka kai ƙarshe ba kafin ka ga canji, duk abin da ka ƙara yana nunawa. Wani binciken na Charles Benbrook da abokansa a 2018 ya auna omega-6 da omega-3: a madarar da aka saba sayarwa a Amurka kusan 5.8 ne a kan 1, a ta shanun ciyawa zalla kuma kusan kunnen doki.

In za ka iya haɗawa da tsirrai dangin wake irin su alfalfa ko kuloba, ya fi. Suna saurin wucewa ta tumbi, bakteriya ba sa samun lokacin gama aikinsu. Jar kuloba ma tana da wani enzayim da ke kare maiƙon ganyenta. Amma a hankali, ɗanyar alfalfa a cikin da babu komai tana kawo kumburin ciki, kuma kumburi yana kashe saniya cikin awoyi. Ka fara ba su busasshiya kafin ɗanyar.

Abba Mai Karsana:
Tuba nake Dakta, amma akwai abin da ba a faɗa wa Baban Walida ba. Firiziyan mai ba da madara da yawa ciyawa kaɗai ba ta riƙe ta. In ya rage hatsi lita za ta sauka, saniyar ta rame, ɗaukar ciki ya yi wuya. Ƙarin da mai yogot zai ba shi zai cike wannan giɓin? Baba, ka ɗauki biro ka yi lissafi kafin ka taɓa abincin. Mu matasa ana ce mana masu gaggawa, amma ni a nan na ga manya ne ke son gudu.

Malam Garba:
Abba, ba wanda ya ce ya zubar da hatsi. Cewa aka yi ya ƙara kore. Amma maganar lissafi gaskiyarka ce.

Dakta Hauwa:
Abba bai yi kuskure ba, kuma shi ya sa ban ce a cire abincin buhu ba. Ga yadda zan yi da shanun nawa ne. Zan musanya wani sashe na silej ɗin masara da ɗanyar ciyawa, in ɗauki mako biyu zuwa uku ina ƙarawa kaɗan-kaɗan, don halittun tumbi suna bukatar lokaci su saba. Zan tabbatar ciyawa, ɗanya da busasshiya da silej gaba ɗaya, ta kai aƙalla rabin abincin idan an cire nauyin ruwa. Hatsin kuma in raba shi sau da yawa a yini maimakon a jibge musu lokaci guda.

Don cike ƙarfin da Abba ke tsoron a rasa, akwai irin linsid, wato ƙwayar tsiron flax da ake matse mai daga cikinta. Kusan kashi 40 na nauyinsa mai ne, kuma fiye da rabin man omega-3 ne. Bambancinsa da man da aka tace shi ne yana cikin ƙwaya, a hankali yake fita a tumbi. A Faransa akwai ƙungiyar Bleu-Blanc-Cœur da aka kafa a 2000, wadda ta gina aikinta kan sa linsid da ciyawa a abincin dabbobi, kuma kayanta na ɗauke da tambarinta a kasuwa. A ɓarza shi ko a nemi wanda aka sarrafa da zafi. In an bar shi ɗungurungum wani zai fita a kashi yadda ya shiga, zafin kuma yana rage wani sinadari mai cutarwa da ke cikin ɗanyensa. Wanda aka ɓarza kada ya daɗe a ajiye, yana saurin yin ɗoyi. Ka fara da kamar gram 250 ga kowace saniya a rana, ka hau a hankali, kada ka wuce kilo ɗaya. Ƙa'idar da masu haɗa abinci ke bi ita ce jimillar maiƙon abincin saniya kada ya haura kashi 6 zuwa 7 na busasshen nauyinsa, kuma ka tuna abincin da kake ba su yanzu ya riga ya ɗauki wajen kashi 3.

Ma'auninka na kullum ba sai ka je ɗakin gwaji ba. Ka leƙa garken lokacin hutu: fiye da rabin waɗanda ke kwance ya kamata ka same su suna tuƙa. Ka dubi kashi. In ya koma zawo mai kumfa, ko tuƙa ta ragu, ka ja baya.

Alhaji Sabo:
Dakta, angurya fa? Ita muka fi samu.

Dakta Hauwa:
Ranka ya daɗe, angurya abinci ce mai kyau ga saniyar tatsa, tana da mai da furotin, kuma gashin da ke jikinta yana taimakon tumbi. Amma man da ke cikinta akasarinsa omega-6 ne, sannan tana ɗauke da wani sinadari da ke rage ƙarfin enzayim ɗin hantsa da na ambata, don haka man shanun yakan fi tauri. Ba za ta kai Baban Walida inda yake so ba. Akwai kuma wani sinadari mai guba da ake kira gosifol a cikinta, kada a ba ƙananan maruƙa, manya ma kada a wuce kilo biyu zuwa uku.

Hajiya Rabi:
Salamu alaikum. Ni ba makiyayiya ba ce, sarrafa madara nake yi, bari in yi magana ta ɓangaren mai saye. Tun kafin a san sunayen waɗannan sinadarai masu kaɗa man shanu a Turai sun san na lokacin da shanu ke kiwo ya fi laushi da launin rawaya, na lokacin sanyi da suke ɗaure kuma fari ne mai tauri. Laushin daga irin maiƙon yake, launin daga karotin, sinadarin launi na ɗanyen ganye. Amma kada kowa ya ruɗe ku da launi. Saniya 'yar irin Jazi madararta ta fi ta sauran shanu rawaya ko da abinci ɗaya suke ci, ɓauna kuwa ko a tsakiyar ciyawa take madararta fara sol.

Ku tuna abin da ya faru a Kanada a farkon 2021. Jama'a suka yi ta ƙorafi man shanu ya daina laushi ko an ajiye shi a waje, aka ɗora zargi kan maiƙon kwakwar manja da ake ƙara wa shanu a abinci, har ƙungiyar masu kiwon shanun madara ta ƙasar ta roƙi mambobinta su dakata da shi a yi bincike. Kwamitin da aka kafa bai samu hujjar da ta tabbatar da zargin ba, amma sunan ya riga ya ɓaci. Na kawo wannan ne don mai sayar da abincin nan zai iya dawowa da buhun "kitse mai kariya" ya ce shi ba ya cutar da tumbi. Gaskiya ne ba ya cutarwa, yana ma ƙara yawan maiƙo. Sai dai yawancinsu daga manja ake yin su, mai daskarewa suke ƙarawa. Ka karanta jikin buhun.

Abu na biyu, madara mai yawan maiƙo marar daskarewa ta fi saurin canza ɗanɗano in ta sha haske ko ta taɓa ƙarfen tagulla. Ta shanun ciyawa tana zuwa da bitamin E ɗinta da ke kare ta. In da linsid ka ɗaga ta ba da kore ba, sai ka kula da bitamin E a abincinsu, in ba haka ba mai yogot ɗin da kansa zai dawo maka da ƙorafi.

Maman Ihsan:
Ni aikina abincin mutane ne, ba na dabbobi ba, kuma ina ganin akwai inda ya kamata a taka birki. Duk abin da Dakta ta faɗa daidai ne, amma mu sa shi a kofi mu gani. Kofi ɗaya na mililita 250 yana da maiƙo wajen gram 9. In omega-3 rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, miligram arba'in da 'yan kai ke nan. Ka ninka shi biyu da ciyawa, ka samu tamanin ko casa'in. Abin da hukumomin lafiya na Amurka suka ƙiyasta babban mutum na bukata a rana shi ne miligram 1,100 ga mace, 1,600 ga namiji. To ka ga "ninki biyu" yana da daɗin ji a talla, amma ninkin ƙaramin abu ne. Cokali ɗaya na garin linsid ɗin da za ka ba saniyar ya fi kofi goma na madararta omega-3. Kuma irin na tsirrai ne, jikin mutum kaɗan yake iya mayarwa zuwa irin na kifi da ke amfanar zuciya da ƙwaƙwalwa.

CLA kuma, ya yi suna ne ta aikin Michael Pariza na Jami'ar Wisconsin, wanda ya ci karo da shi a gasasshen naman shanu, aka tantance shi a 1987. Kyawawan sakamakon da ake yawan ambata na hana ƙari da rage ƙiba a jikin ɓeraye aka fi samunsu. A jikin mutum hujjar ba ta yi ƙarfi haka ba. Don Allah kada wani ya rubuta a roba cewa yogot yana maganin daji.

Ba cewa nake aikin banza ba ne. Wanda ke shan madara da yogot da cuku kullum, ƙaramin bambanci yana taruwa, kuma raguwar mai daskarewa ita ma riba ce. Amma abu guda nake so Baban Walida ya tambayi mai sayen: da cikakkiyar madara zai yi yogot ɗin ko da wadda aka yaɗe maiƙonta? In zai yaɗe, duk wahalarka ta tafi da maiƙon.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: babban nazarin da Jami'ar Newcastle ta Ingila ta jagoranta a 2016 ya samu omega-3 ya fi yawa da wajen kashi 56 a madarar shanun da ake kiwo ba da sinadaran zamani ba, saboda sun fi cin ciyawa, amma ma'adinan ayodin da saliniyam ɗinta sun yi ƙasa. Daga abincin buhu da gishirin lasa waɗannan ke zuwa. In ka rage buhu, kada ka rage gishirin ma'adinai.

Baban Walida:
Kai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Abba, na ji, zan yi lissafin. Maman Ihsan, wallahi ban taɓa tunanin tambayar yaɗe maiƙon ba, gobe zan kira shi. Tambayata ta ƙarshe: ta yaya zan san madarar ta canza? Na'urar da ke wurinmu yawan maiƙo da ruwa kawai take nunawa.

Dakta Hauwa:
Wannan na'urar ka riƙe ta, ita za ta fara gaya maka in tumbi ya fara ɓaci, ka dinga rubuta adadin maiƙon kowane mako. Amma irin maiƙon sai ɗakin gwaji mai na'urar gas kuromatogirafi, ana samu a jami'o'i masu sashen kimiyyar dabbobi ko na abinci. Ka ɗebi samfur yanzu kafin ka canza komai, daga madarar garken gaba ɗaya bayan an gauraya ta sosai, ta safe da ta yamma a haɗe, ka daskarar a firiza. Sai ka sake ɗiba mako uku ko huɗu bayan abincin ya zauna, ka kai su tare a auna. Kada ka auna ta saniya ɗaya, musamman sabuwar haihuwa, domin ita kitsen jikinta take narkarwa, sakamakonta zai ruɗe ka.

Kuma kafin ka sa hannu a wata yarjejeniya, mai yogot ya rubuta maka adadin da yake so ƙarara, da wanda zai biya kuɗin gwajin, da abin da za a yi a watannin da kore ya yi wuya. Ƙasashe da dama suna da dokar adadin da abinci zai kai kafin a rubuta masa "mai yawan omega-3", kuma madarar ciyawa ita kaɗai da wuya ta kai wannan mizanin. Shi ya bincika wannan da hukumar da ke kula da abinci kafin ya buga takardar roba.

Malam Garba:
In ka tashi shuka ciyawar, ka raba filin gida-gida, kada ka shuka rana ɗaya. In ba haka ba duk lokaci guda za ta tsufa, ka yi mako ɗaya kana ba su ganye, sauran watan kana ba su kara.